Ailan: gwamnatin da ta nemi gafarar yara a bainar jama'a, ta ja da su a kotu

Ranar 11 ga watan Mayu na 1999 firaministan Ailan na wancan lokaci, Bertie Ahern, ya fito ya nemi gafara da sunan gwamnati da na al'ummar ƙasar baki ɗaya. Waɗanda ya roƙa manya ne, wasunsu har furfura ta cika musu kai, amma abin da ake magana a kai tun suna yara aka yi musu shi, a makarantun kwana da ƙungiyoyin Cocin Katolika ke gudanarwa da kuɗin gwamnati. Ya amsa cewa ƙasar ta kasa jin kukansu, ta kasa kai musu ɗauki. Shekara 26 bayan wannan rana, a watan Yulin 2025, gwamnatin ƙasar ta sake kafa wani sabon kwamitin bincike kan lalata da yara a makarantu. Duk mai bin labarin sai ya tambayi kansa: me aka yi ta yi a tsawon waɗannan shekaru, tunda an riga an amsa laifi?

Amsar tana cikin matsayin da gwamnati ta tsinci kanta a ciki. Ita ce ke kafa kwamitin bincike, ita ce ke rubuta dokar diyya, ita ce ke riƙe da baitulmali. Kuma ita ɗin ce ake tuhuma tare da coci, domin kotunanta ne suka tura yaran, kuɗinta ne ya ciyar da makarantun, sufetocinta ne suka riƙa zuwa suna komawa da rahoton lafiya lau. Wanda ya haɗa alƙalanci da zama a akwatin tuhuma, ba wuya ka ga bakinsa na faɗin abu ɗaya lauyoyinsa na yin wani.

Tun a 1868, lokacin Ailan na ƙarƙashin Birtaniya, aka kafa dokar makarantun horo da koyon sana'a. Da ƙasar ta sami 'yancin kai a 1922 sai ta gaji tsarin, ta kuma bar shi a hannun ƙungiyoyin addini: Christian Brothers masu Artane a birnin Dablin da Letterfrack can yammacin ƙasar, Sisters of Mercy masu Goldenbridge, da wasunsu. Yaran da ake kaiwa galibi ba masu laifi ba ne. Maraya ne, ko ɗan talakan da iyayensa suka kasa riƙe shi, ko wanda aka haifa ba aure, ko mai gudun makaranta, ko wanda ya ɗauki ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Alƙali ya sa hannu, sai a tafi da yaro, wani lokaci sai ya kai shekara 16 zai fito. Yara sama da 30,000 ne suka ratsa ta waɗannan gidaje. Gwamnati na biyan kuɗi a kan kowane kai, saboda haka makaranta ba ta da wata riba in yaro ya koma gidansu.

Ba za a ce ba a sani ba. A 1931 wani kwamiti da gwamnati ta kafa ya kawo mata rahoto kan yawan lalata da ƙananan yara a ƙasar, aka saka shi a durowa, ba a buga ba. A 1946 Fada Edward Flanagan, ɗan asalin Ailan da ya yi suna a Amurka wajen kula da yara marasa galihu, ya zo gida ya zagaya, ya fito fili ya ce abin kunya ne yadda ake tsare yara. Ministan shari'a na lokacin ya tashi a majalisa ya yi watsi da maganarsa. Sai a 1970 wani rahoto ya ba da shawarar a rushe tsarin, aka ci gaba da rufe makarantun ɗaya bayan ɗaya, amma babu wanda ya waiwayi abin da ya faru a cikinsu.

Wata 'yar jarida ce, Mary Raftery, ta fasa ƙwan. A watannin Afrilu da Mayu na 1999 gidan talabijin na ƙasa ya nuna shirinta mai kashi uku, inda tsofaffin ɗaliban suka zauna gaban kyamara suka faɗi abin da aka yi musu da bakinsu. Neman gafarar Ahern ya zo ne a ranar da za a nuna kashi na ƙarshe. Wannan abin lura ne, domin zai sake maimaituwa: kusan duk wani mataki da gwamnatin Ailan ta ɗauka kan wannan al'amari, shirin talabijin ko na rediyo ko hukuncin kotu ne ya riga shi.

An kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Mary Laffoy. A 2003 ta ajiye aikin, kuma ba coci kaɗai ta ɗora wa laifi ba. Ta ce Ma'aikatar Ilimi, wadda ke ɗaukar nauyin kwamitin kuma take cikin waɗanda ake bincika, ba ta ba ta haɗin kan da aikin ke buƙata. Mai Shari'a Seán Ryan ya karɓa. Kafin nan ƙungiyar Christian Brothers ta garzaya kotu, ƙarshenta aka tsaya kan cewa ba za a ambaci sunan kowa cikin waɗanda ake zargi ba, rayayye ko matacce. Da rahoton ya fito ranar 20 ga Mayun 2009, kundi biyar mai shafi kusan 2,600, sunayen aro aka sa musu.

Duk da haka abin da ke ciki ya girgiza ƙasar. Rahoton ya ce lalata da yara ta zama ruwan dare a makarantun maza, duka kuwa abincin kullum ne. Ya nuna shugabannin ƙungiyoyin sun san halin masu yi, sun san kuma mai wannan hali ba ya bari, amma in asiri ya tonu sai a canza wa mutum makaranta, ya tarar da sababbin yara. Akwai wani bambanci da rahoton ya fito da shi wanda ya isa hujja shi kaɗai: idan ma'aikaci ne na waje aka kama, akan kai shi wurin 'yan sanda, idan kuwa ɗan ƙungiya ne sai a kashe maganar a cikin gida. Ke nan sun san laifi ne a gaban doka. Ita kuwa Ma'aikatar Ilimi, rahoton ya ce ta kasance mai rusunawa ce gaban ƙungiyoyin, ta yadda ta kasa yin aikin sa ido da doka ta ɗora mata. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Inda za a fi gane halin gwamnati shi ne wajen kuɗi. A 2002, tun binciken bai yi nisa ba, aka kafa hukumar biyan diyya. A watan Yunin wannan shekara, ana dab da rantsar da sabuwar gwamnati, ministan ilimi Michael Woods ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin addini 18. Za su ba da abin da ya kai yuro miliyan 128, wani kuɗi a hannu, wani filaye da gine-gine, wani kuma hidimar ba da shawara ga waɗanda abin ya shafa. Ita kuma gwamnati ta ɗauke musu duk wata ƙara da za ta biyo baya. A lokacin an yi kirdadon diyyar duka ba za ta wuce yuro miliyan 250 da 'yan kai ba, don haka aka ga kamar an raba nauyi biyu. Kuskuren shi ne an ƙayyade na coci, an bar na gwamnati a buɗe, alhali babu wanda ya san mutum nawa za su fito.

Mutane suka fito fiye da yadda aka zata. Sama da 15,500 aka biya, kowa ya tashi da kimanin yuro 62,000 in aka daidaita. Da babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya yi lissafi zuwa ƙarshen 2015, ya tarar bincike da diyya da sauran hidimomi sun ci kusan yuro biliyan 1.5, abin da ƙungiyoyin addini suka bayar kuwa bai wuce kashi 13 cikin ɗari ba. Bayan rahoton Ryan, da jama'a suka fusata, ƙungiyoyin sun yi alƙawarin ƙarin yuro miliyan 350 da ɗoriya, amma alƙawari ne na ganin dama, babu dokar da ta ɗaure su, kuma wani ɓangarensa gine-gine ne da darajarsu ta faɗi bayan rikicin tattalin arziki na 2008. Gwamnatoci suka yi ta cewa rabi da rabi ya kamata, amma sun riga sun sayar da sandar da za su kora da ita. Sauran kuɗin daga harajin jama'a ya fito, cikinsu har da su waɗanda aka zalunta ɗin, da 'ya'yansu.

A nan akwai gardama ta gaskiya, kuma ba zan ɓoye ɓangaren da nake ba. Masu kare yarjejeniyar suna cewa da an bar kowa ya kai ƙara kotu, da yawancin tsofaffin nan sun mutu ba su ga ko kwabo ba, domin shaidu sun ƙare, takardu sun ɓace, wa'adin shigar da ƙara ya wuce. Wannan gaskiya ne, kuma hukumar diyya ta sauƙaƙa hujjar da ake nema ƙwarai in aka gwada da kotu. Suna kuma cewa tunda gwamnati ce ta tura yaran, dole ta biya. Shi ma haka ne. Amma biyan gwamnati bai wajabta yafe wa ɗaya ɓangaren ba. Ana iya biyan mutane da wuri, sannan a bi ƙungiyoyin bashi gwargwadon abin da aka tabbatar a kansu. Sa hannu a kan adadi kafin a ƙirga waɗanda aka cuta, wannan gata ne da babu wani kamfani ko mutum da zai samu.

Dokar diyyar ta zo da wani sharaɗi da har yau yake ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya karɓi kuɗi ya yafe haƙƙinsa na kai ƙara, sannan laifi ne ya bayyana abin da ya gudana a gaban hukumar ta yadda za a gane makaranta ko mutumin da ya ambata, laifin da ke iya jawo tara ko ɗauri. An ce an yi haka ne don kare sirri, da kuma kare waɗanda ba a tabbatar da laifinsu a kotu ba. Sai dai ka duba ta ɓangaren mutumin da tun yana ɗan shekara 10 ake ce masa in ya faɗa babu mai yarda da shi: ya tsufa, an yarda da shi, an biya shi, an kuma ce ya ja bakinsa ya yi shiru.

Duk wannan a kan makarantun kwana na horo ne. Yaran makarantun jeka-ka-dawo, waɗanda su ne mafi yawa, ba sa cikin tsarin diyyar. A nan ne labarin Louise O'Keeffe ya shigo, kuma shi ne ya fi tona asirin gwamnati.

A Ailan kusan kashi 90 cikin ɗari na makarantun firamare suna ƙarƙashin Cocin Katolika ne. Gwamnati ke biyan albashin malamai, ita ke tsara manhaja, ita ke turo sufeto, amma bishop ne uban makaranta, kuma a wancan zamani limamin cocin unguwa ne manaja. A 1973, Louise na 'yar shekara 8 a makarantar Dunderrow da ke gundumar Cork, shugaban makarantar ya riƙa yin lalata da ita a lokacin da yake koya mata kiɗa. Shi ba limami ba ne, malami ne kawai. Tun 1971 wata uwa ta kai ƙararsa wurin manaja, ba a yi komai ba. Da ƙorafi ya yi yawa a 1973 sai ya tafi hutun rashin lafiya, ya ajiye aiki, ya koma wata makaranta ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya a 1995. Daga baya aka tuhume shi da laifi 386 a kan yara 21, ya amsa 21 daga ciki a 1998, aka ɗaure shi.

Louise ta kai gwamnati ƙara. Gwamnatin da ta nemi gafara a 1999 ta tsaya ƙememe cewa ba ita ta ɗauki malamin aiki ba, ba ita ke gudanar da makarantar ba, saboda haka babu ruwanta. Babbar Kotu ta ba gwamnati gaskiya, Kotun Ƙoli ma haka a watan Disamban 2008. Lauyoyin gwamnati har suka nemi a sa ta biya kuɗin shari'a, wanda da an amince da ya cinye gidan da take zaune da 'ya'yanta, kotu ce ta ƙi. Sannan aka rubuta wa mutane sama da 100 masu irin wannan ƙara wasiƙa cewa su janye, in ba haka ba za a bi su kuɗin shari'a. Da yawa suka tsorata suka janye.

Ita ba ta janye ba. Ta wuce Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg, kuma ranar 28 ga Janairun 2014, shekara 41 bayan abin da aka yi mata, alƙalai 11 cikin 17 suka yanke cewa Ailan ta keta haƙƙinta. Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce. Gwamnati ta san ana lalata da yara, domin kotunanta na hukunta masu yi tun da daɗewa. Duk da haka ta miƙa ilimin firamare ga wasu, ba ta kafa wata hanya da za ta ji in an cuci yaro ba, ƙa'idojinta ma cewa suka yi a kai ƙorafi wurin manaja. Kare yaro nauyi ne na gwamnati, ba ta sauke shi don ta ba wani kwangila. Kotun ta ba Louise yuro 30,000 da kuɗin shari'a, firaminista Enda Kenny ya nemi gafararta.

Sai ka zaci magana ta ƙare, ashe tsugune ba ta ƙare ba. A 2015 gwamnati ta fito da tsarin biyan waɗanda suka janye ƙara, har yuro 84,000, amma da sharaɗin mutum ya kawo hujjar cewa an taɓa kai ƙarar malamin kafin ya taɓa shi. Yaya mutum zai tabbatar da ƙorafin da wata uwa ta kai wa limami da baki shekara 40 da suka wuce, limamin ya mutu, babu abin da aka rubuta? Ballantana yaron da aka fara cuta, shi wa ya riga shi kai ƙara? Shekara huɗu aka kwashe ana watsi da takardun masu nema. A watan Yulin 2019 wani tsohon alƙali da gwamnati ta naɗa da kanta, Iarfhlaith O'Neill, ya ce sharaɗin ya saɓa wa hukuncin Strasbourg. Firaminista Leo Varadkar ya tashi a majalisa, shi ma ya nemi gafara. An sake buɗe tsarin a 2021, amma ga waɗanda suka riga suka shigar da ƙara kawai, aka rufe a 2023. Wanda tsoro ko talauci ko kunya ya hana shi zuwa kotu tun farko, ya tashi a tutar babu.

Adalci ne a faɗi inda aka yi abin kirki. Wajen kare yaran yau, dokokin Ailan sun canza sosai. A 2011, bayan rahoton da ya nuna wata dayosis (yankin da ke ƙarƙashin bishop ɗaya) mai suna Cloyne na ci gaba da rufa-rufa har cikin shekarun 2000, Enda Kenny ya caccaki Fadar Batikan a majalisa da kalaman da ba a taɓa jin wani firaministan ƙasar ya yi ba. A 2012 aka mayar da ɓoye bayanin lalata da yaro laifi, aka kuma yi ƙuri'ar raba gardama da ta sa haƙƙin yara cikin tsarin mulki. A 2014 aka kafa hukumar kula da yara mai zaman kanta, kuma daga ƙarshen 2017 ya zama wajibi ga malami, likita, limami da makamantansu su kai rahoto in sun ga alama. Kafa dokar gobe ya fi sauƙi, ba ya cin baitulmali kamar biyan bashin jiya.

Wasu ƙasashen sun kalli Ailan sun ɗauki darasi. A Ostireliya, firaminista Julia Gillard ta sanar da babban kwamitin bincike a ƙarshen 2012, wanda ya yi aiki har 2017, ya saurari mutane sama da 8,000 a asirce. Bai tsaya kan Katolika ba, ya shiga makarantun Angalikan, da na Yahudawa, da gidajen yara na gwamnati. Ya gano an zargi kashi 7 cikin ɗari na limaman Katolika da suka yi aiki tsakanin 1950 da 2010, kuma a ƙiyasinsa mutum kan kai kusan shekara 24 kafin ya iya buɗe baki. Wannan adadi shi ya rusa hujjar wa'adin shigar da ƙara, jihohin ƙasar suka soke shi a kan irin wannan laifi. Sun kuma toshe wata kafa da coci ya daɗe yana bi, ta cewa shi ba kamfani ba ne da za a iya kai ƙararsa, dukiyarsa kuma na hannun amintattu. A tsarin diyyar da ya fara aiki a Yulin 2018, cibiyar da aka yi laifin a cikinta ita ke biya, wadda ta ƙi shiga kuma ana iya janye mata tallafin gwamnati da rangwamen haraji. Amma ko a can gwamnati ta rage hannu: kwamitin ya ce mafi yawan diyya ya zama dalar Ostireliya 200,000, aka yanke shi zuwa 150,000.

Kanada kuwa ta faɗa ramin da Ailan ta faɗa. Kimanin yara 150,000 na 'yan asalin ƙasar aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana na coci-coci. Yarjejeniyar 2006 ta kawo diyya, da neman gafarar firaminista Stephen Harper a 2008, da kwamitin gaskiya da sulhu wanda ya kammala a 2015. Masu ƙorafin duka da lalata kusan 38,000 ne suka fito, aka biya sama da dalar Kanada biliyan 3, kusan duka daga aljihun gwamnati. Ƙungiyoyin Katolika sun yi alƙawarin iya ƙoƙarinsu wajen tara miliyan 25 ta hanyar gidauniya, abin da suka tara bai kai miliyan 4 ba.

Kada mai karatu a nan gida ya ɗauka wannan ciwon wani addini ne ko na Turawa. Waɗanda suka tuna watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, cikinsu har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu na ba da labarin lalata, sun san yadda abin yake: iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu saboda sunan addini da ke jikin ƙofa, hukuma kuma ba ta leƙa ba sai da ta ɓaci. Tambayar da kotun Strasbourg ta yi wa Ailan ta dace da kowace gwamnati, wato wace hanya kika tanadar da kukan yaro zai iso gare ki ba tare da ya bi ta hannun mai makarantar ba?

A Ailan allura ta sake tono garma a watan Nuwamban 2022. Wasu 'yan'uwa biyu suka ba da labarinsu a wani shirin rediyo, kan abin da limamai suka yi musu a kwalejin Blackrock da ke Dablin a shekarun 1970 da 1980. Wannan karon ba makarantar marayu ba ce. Blackrock ta 'ya'yan masu hali ce, can Éamon de Valera, wanda ya yi firaminista ya kuma yi shugaban ƙasa, ya yi karatu. Masu ita su ne Spiritans, ƙungiyar da limamanta suka yi aikin mishan mai yawa a kudu maso gabashin Najeriya. Ƙungiyar ta amsa cewa mutum 233 sun kawo ƙorafi kan 'ya'yanta 77, a gida da ƙasashen waje, kuma ta biya sama da yuro miliyan 5 na sasanci tun 2004. Kafin mako ya zagayo, tsofaffin ɗaliban wasu makarantun suka fara kiran gidajen rediyo.

Gwamnati ta naɗa babbar lauya Mary O'Toole ta yi binciken share fage. Rahotonta na watan Satumban 2024 ya ƙirga zarge-zarge 2,395 a kan mutum 884, a makarantu 308 na ƙungiyoyin addini 42. Daga ciki 590 sun fito ne daga makarantu 17 kacal na yara masu buƙata ta musamman, kurame da makafi da masu raunin fahimta, waɗanda ko sun so faɗa ba lalle su iya ba. Kuma waɗannan alƙaluma daga kundin ƙungiyoyin kansu aka samo su, wato abin da su suka ga dama suka rubuta suka adana. Rahoton ya ba da shawarar a kafa cikakken kwamitin bincike, a kuma duba batun diyya tare da neman ƙungiyoyin su sa nasu kason.

Shi ne kwamitin da ministar ilimi ta wancan lokaci, Helen McEntee, ta sanar a Yulin 2025, ƙarƙashin Mai Shari'a Michael MacGrath. An faɗaɗa shi ya shafi dukkan makarantu, na addini da waɗanda ba na addini ba, aka ba shi shekara biyar. Batun diyya kuwa a ranar sanarwar an ce ana kan nazari, ana duba dukiyar ƙungiyoyin da hanyar da za a sa su biya, domin babu ministan da ke son a kira sunansa tare da yarjejeniyar 2002. Fiye da rabin mutum 884 ɗin da ake zargi sun riga sun mutu. Babba daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka yi magana a rediyo shi ma ya rasu a 2023, shekara guda kafin rahoton O'Toole ya fito.